Gidan Raɗa

"Sun dawo, likita," in ji Auta, idonsa a ƙasa. "Muryoyin nan. Ki ƙara mini magani, ko ki ba ni gado."

Mama, da ke zaune gefensa, ta hau lissafi. Sati mai zuwa zai fara jarrabawar jami'a. In aka sake kwantar da shi, shekara ta tafi a banza.

Kuma me ya rage ba ta yi ba? Ranar sallama likitar ta ce a riƙe ƙwaya, a haɗa da barci kan lokaci, motsa jiki, man kifi, da kwanciyar hankali a gida. Mama ta sayo man kifin da ya fi kifin tsada. Ta tasa Baba da tumbinsa suna zagaya fili da yaron kullum safe. Kwanciyar hankalin ce ta ba ta wuya, a gidan da ko gaisuwa da ihu ake yin ta, amma ta kafa doka, dokar kuma ta zauna.

"Me suke ce maka?" in ji likitar.

"Ba na ji sosai. Ƙus-ƙus ne, a kicin, a bayan ƙofa. Da na shigo sai su yi tsit."

"A makaranta fa?"

"A gida kawai."

"Muryar wa?"

"Ɗaya kamar ta Mama. Ɗaya kamar ta Baba, kullum tana neman rimot."

Likitar ta cire tabarau ta dubi Mama. "Yaya kuke magana a gida yanzu?"

"Ƙasa-ƙasa mana! Ba ke kika ce kar a ɗaga masa murya ba? Yayarsa ma a banɗaki take amsa waya."

"Faɗa na ce a rage, Mama. Yaron da ciwonsa ke raya masa ana maganarsa, shi kuka kewaye da raɗa?"

Ba a ƙara magani ba, ba a ba da gado ba. Mama ta fito tana huci: wata uku tana haɗiye masifarta, ashe a banza.

A gida Baba ya buɗe ƙofa cikin sanɗa, ya raɗa, "Yaya aka yi?"

Auta ya wuce ɗaki, Mama ta hango takalmansa yashe a tsakiyar falo. Ta ja numfashi.

"Kai Auta! Uban wa zai kwashe maka takalman nan?"

Baba ya sunkuya ya kwashe.

Daga ɗaki Auta ya kwaɗo amsa, da dukan muryarsa, "Na ji ki, Mama!"