Sunan da Ya Nutse a Bahar Maliya

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da tudu ya ɓoye da abin da teku ya haɗiye. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Malam Abdulwasi'u, dattijo mai shekara tamanin da huɗu a unguwar Jarwal, bai saki jiki da baƙuwarsa ba tun da ta yi sallama. Ta ce sunanta Nora, daga wata jami'a a Jidda, tana bincike kan jiragen kamun kifi masu jan koma da suka halaka a Bahar Maliya zamanin yaƙin duniya na biyu. Malam kuwa ya daɗe a Makka, ya san ba duk mai tambayar asalin mutum ne littafi yake rubutawa ba.

"Wa ya kwatanta miki gidan nan, 'yata?"

"Mutanen unguwar Hindawiyya, Baba. Sun ce duk Bahaushen da ya ƙetaro ta Bur Sudan, kun san labarinsa."

"Ba su ce miki na fara ruɗewa ba?"

"La wallahi, cewa suka yi kun fi kwamfuta."

Bai yi dariya ba. Ya dubi wayar da ta ajiye tana ɗaukar magana, ta gane, ta kashe ta.

Sai ta fito da kwafin wata tsohuwar takarda. Jirgi ne da ya bar Bur Sudan a shekarar 1941, ya taka nakiya, ba wanda ya tsira. Mutum goma sha huɗu ne a ciki, ɗaya Bahaushe mai zuba gawayi a tukunyar jirgi. Ta karanta: "Idris ɗan Mukhtaru, Bagobiri, da tsage a kumatu biyu."

Malam ya san sunan nan. Idris ɗan Mukhtaru baffansa ne wanda ya rene shi, ya tsufa a unguwar Misfala ta nan Makka, Malam da hannunsa ya yi masa wankan gawa. Amma ya san al'adar alhazan ƙafa na wancan zamani: takardar aiki ɗaya ce ga gida, wanda ke da ƙarfi a ranar shi ke ɗauka. Mahaifinsa Sabitu ya ɗauki ta yayansa Idris, ya fita neman guzurin ƙetarewa daga Bur Sudan, ya bar matarsa da tsohon ciki, bai komo ba. Mutane suka ce ya gudu Gobir ya yi wani aure. Da wannan magana Malam ya girma, ta zauna masa a ƙirji har ya yi furfura.

Ashe ba gudu ya yi ba.

"Kun san shi, Baba? Ina so in rubuta kowa da danginsa."

Takardun zama 'yan ƙasa na 'ya'ya da jikokin Idris, mutum arba'in da 'yan kai, duk a kan sunan nan aka gina su. In littafi ya haɗa Idris na Misfala da Idris da ya nutse, wa ya san teburin da zai faɗa? Takarda ba ta sauraron bayani. Ita kanta yarinyar, ko da zuciyarta fara ce, ba ita za ta zaɓi masu karatu ba.

Ƙarya kuwa ba ya yi. Ya ce, "Idrisu suna ne mai yawa, 'yata. Mukhtaru ma haka."

"Hannunku yana rawa."

"Tsoho ba ya rasa rawar hannu. Gaya mini, jirgin ya daɗe kafin ya nutse?"

"Mutanen wani jirgi da ke kusa sun ce nan take ne."

"Alhamdu lillahi."

Ta bar gurbin dangi fanko, ta yi godiya ta tafi.

Malam ya ɗauki sandarsa ya nufi Harami sallar la'asar. A sujada ya ambaci Sabitu ɗan Mukhtaru da cikakken sunansa, ya roƙa masa darajar shahada da aka yi wa wanda ruwa ya ci albishir da ita, sannan ya nemi gafarar zaton da ya daɗe yana yi masa.

Allah Ya jiƙan waɗanda teku ya zama kabarinsu, da waɗanda aka sani da waɗanda ba a sani ba. Ya suturta mai karatu duniya da lahira, Ya kyautata ƙarshenmu baki ɗaya. Amin.