Kwaɗo na Uku

Duk mai shiga mashayar bakin gada a garin su Ernest Holroyd ya san dokar wurin: kada ka kuskura ka yi maganar talabijin. In Ernest ya ji, ka shiga uku. Zai ture kofin giyarsa gefe, ya gyara tabarau, ya ba ka labarin yadda ya taɓa zama dodo.

Wai yana saurayi ya tafi Landan neman aiki, aka ɗauke shi a wani shiri na masu yawo cikin taurari, irin wanda yara ke kallo ranar Asabar suna leƙe daga bayan kujera. Aka cusa shi cikin rigar roba ta ƙaton kwaɗo, shi da wasu mutum biyu, suka far wa jirgin 'yan sama jannati. Daga nan ya dawo yankinsu na Yorkshire ya kama rabon madara gida-gida har ya yi ritaya.

To ina shaida? Babu. Mutanen gidan talabijin na wancan zamani, Allah ya shirye su, da shiri ya fita sai su goge faifan su ɗauki wani a kansa. Labarin kwaɗin nan kaf ya bi ruwa. Ko sunan waɗanda suka sa rigar ba a rubuta ba.

"Kwaɗo, yau ba tsalle?" Haka Clifford ke tarbarsa, abokinsa tun firamare, kuma ja-gaban masu tsokanarsa. "Ni ma fa na taɓa zama giwa a fim. An goge."

"Ka ji da shi, tsohon banza. Ni ne ma shugabansu. Yara har fitsari suka yi a wando."

Tsokanar Clifford ba ta dame shi ba sosai. Ta matarsa Mavis ce ke ci masa rai. Ba ta taɓa ce masa maƙaryaci ba, sai dai in ya fara ta ce, "Eh, Ernest, haka ne," idonta na kan saƙa. Ya tsufa, ƙirji ya fara ba shi wahala, kuma babu abin da yake so kamar matar nan ta yarda da shi kafin ya mutu.

Kwatsam sai wani mai tara tsofaffin finafinai ya rasu, 'ya'yansa na share gareji suka ci karo da gwangwanin fim duk tsatsa. Ashe kashi ɗaya ne na labarin kwaɗin. Ƙungiyar masoya shirin, da suka gaji da wayar Ernest, suka yarda su kawo shi zauren coci a nuna da majigi.

Ranar ana ruwa kamar kullum, amma zaure ya cika. Aka raba shayi da biskit. Clifford ya kame a layin gaba.

"Sai ka nuna mana wanne ne kai," ya ce.

Nan gaban Ernest ya faɗi. Shekara da shekaru yana jiran fim ɗin nan, bai taɓa tunanin wannan ba. Kwaɗi uku, roba iri ɗaya, fuska a rufe ruf. Uwar da ta haife shi ma ba za ta gane shi ba.

Aka kashe fitila. Ga jirgi na kwali, ga jarumai na ihu, ga kwaɗi sun shigo suna gurnani.

"Wancan na gaba," in ji Ernest, murya ciki-ciki.

"Tabɗi!" in ji Clifford. "Ni na ce kakata ce. Ka musa."

Aka kwashe da dariya. Mavis ta dafa gwiwar Ernest don tausayi, abin ya fi zagi ciwo.

A wancan lokacin yanka faifai don cire kuskure tsada ne da shi, don haka duk abin da ya faru gaban kyamara da shi ake tafiya. Kwaɗo na uku, wanda ke can baya, ya zo wucewa ta ƙofa sai kafaɗarsa ta daki bango. Bangon jirgi duka ya yi rawa. Kwaɗo ya tsaya cak, ya juya ya fuskanci bangon, ya ɗan sunkuyar da kai. Daga cikin roba aka ji wata murya a toshe:

"Af, yi haƙuri."

Sannan ya ɗaga hannuwa ya ci gaba da gurnani.

Mavis ta miƙe zumbur, shayi ya ɓare mata a siket.

"Ernest ne! Na rantse Ernest ne! Duk duniya wa ke ba bango haƙuri da muryar nan? Jiya-jiyan nan firij ya ba haƙuri!"

Zaure ya kaure. Clifford na dukan cinya, hawaye na zuba. "Shugabansu! Wayyo cikina! Wannan ne ya sa yara fitsari?"

Kunya ta kama Ernest har kunnuwansa suka yi ja. Shi kam ya manta da bangon nan shaf, a ransa shi ne na gaba. Ya buɗe baki zai kare kansa, sai ya ga Mavis ba dariya take ba. Allon take kallo, hannunta a kan baki. Ta juya wajen mai majigi.

"Bawan Allah, maido mana baya. Mijina nake so in sake gani."

Ernest ya cire tabarau yana gogewa, don ya daina ganin komai.