Ruwan da Uwar Tsafta Ta Zubar

A ɗakin gwaje-gwaje Uwar Tsafta ake ce mata. Tsokana ce, amma ita lambar yabo ta ɗauke ta.

Aikinta kiwon ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera ne a 'yan faranti. Suna kwance cikin wani ruwa ja-ja a akwatin ɗumi, tana musu hidima kamar mai jego. Ta ɗiga musu wani magani mai kwaikwayon dofamin, sinadarin ƙwaƙwalwa mai daidaita motsin jiki, irin wanda ake ba masu ciwon karkarwa, don ta gano abu ɗaya: shin yana sa su fitar da sinadarin da ke raya jijiyoyi, ya hana su mutuwa?

Tambayar ba tata ba ce ita kaɗai. Mahaifinta tela ne, hannunsa na dama ya fara rawa, kuma irin wannan maganin yake sha.

"Uwata," ya ce mata wata rana, "ƙwayar nan, rawar kawai take ɓoyewa, ko tana tsare min abin da ya rage a kai?"

Ta san faranti ba kan mutum ba ne. Amma bakinta ya riga hankalinta.

"Baba, ka ba ni zuwa ƙarshen mako. Ai aikina ke nan."

Ranar awo ta yi sammako, har da sabuwar farar riga, wai ita ga mai tarihi. Tana buɗe akwatin ta ga ruwan ya koma ɗorawa-ɗorawa, kamar yadda yake yi in ƙwayoyin sun daɗe a ciki. Ranta ya ɓaci. Kafin kanta ya ce uffan, hannunta ya zuƙe ruwan tas, ya juye a kwalbar shara, ya zuba musu sabo. Har ja da baya ta yi tana yaba kyan aikinta.

Sai ga abokiyar aikinta da kwalaben awo.

"Ina ruwan?"

"Wane ruwa?"

"Wanda za mu auna mana. Ba a cikinsa ƙwayoyin suke zuba sinadarin ba?"

Uwar Tsafta ta dubi kwalbar shara. Da hannunta ta zuba mata bilic, ruwan nan mai cinye komai, tun jiya, don kada ƙwayar cuta ko ɗaya ta kwana. Ƙwayoyin sun ba da amsa, ita kuma ta wanke ta fes. Dariya ta zo mata, kunya ta danne ta, sai ta zauna a kujera kawai. Duk karatun nan, ashe mai wanke-wanke aka yaye.

Da yamma ta tarar da Baba a bakin kekensa, allura a hagu, zare a dama. Zaren na zuwa bakin kafar yana kaucewa. Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya yi dariya har da tari.

"Ba ke kika zubar min da ƙyallayen da nake faci da su ba, wai shara? Allah ya shirya min ke, Uwata."

"Zan sake, Baba. Amma sai ƙwayoyin sun sake girma. Kuma ko na samu, ba zan iya rantse maka cewa haka yake a kanka ba."

"Da kin faɗi haka tun farko."

Zaren ya sake kaucewa. Tausayi ya cika ta, hannunta ya miƙe da kansa zai karɓi allurar. Baba ya janye ta zuwa ƙirjinsa.

"Bar min. Abin da ya rage min ke nan. Kada ki share shi."

Ta tura hannayenta ƙarƙashin cinyoyinta, ta zauna a kansu. Ya lashi zaren, ya sake ɗaga shi saitin haske.