Ƙugiya Mai Lamba Goma Sha Shida

"Hureira, kada aka ce miki zan kama?"

Baba Na'Allah ya ɗaga ƙugiyar da na sayo, ya juya ta a hasken taga, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi. Matarsa, Mama Fatiha, ta fito daga kicin da kofin ruwa tana hararata, kamar ni na ɗora masa ciwon zuciyar.

Ni dai ban ga abin dariya ba. Tun da safe na ajiye ɗinkina, na hau jirgin ƙasa daga unguwarmu Taman Melati, a nan Kuala Lumpur, har kantin kayan kamun kifin da ya kwatanta mini. Cewa ya yi lamba goma sha shida, siririya. Mai kanti ya ce ta ƙare. To ni tela ce, shekarata goma sha ɗaya a kan keke, kuma kowa ya san allura mai lamba goma sha shida ita ce mai kauri, in kana son siririya ƙasa kake saukowa. Na ce bari in burge tsohon nan, na sauko har lamba huɗu. Mai kanti ya dube ni ya ce da yarensu, "Boleh?" wato ta yi? Na ce boleh. Lokacin ina waya da wata mata da ke rantsuwa na rage mata hannun riga, don haka ko ledar ban buɗe ba.

"A wurin ƙugiya abin juye yake, 'yata," in ji Baba yana share hawaye. "Lamba na hawa, ƙugiya na ƙanƙancewa. Wannan da kika kawo ko jakar Hajiya aka rataya mata za ta ɗauka."

"Ka bar jakata ta huta," in ji Mama.

Ƙofarmu na kallon tasu a hawa na tara. Baba ya daɗe yana koyar da noman rani a jami'a, amma duk wanda ya shiga gidansu abin da zai fara gani shi ne teburin ƙudaje. Ƙudajen ƙarya ne, ana ɗaura gashin zakara da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, a jefa a kan ruwa, kifi ya taso ya cafke. Kifin kuma ba kowanne ba, wani ne mai ɗigo-ɗigo da ake kira tirawut, wanda ba ya zama sai a ruwa mai sanyi.

Yana saurayi aka tura shi kwas Sikotilan. Tsohon da ya ba shi hayar ɗaki ya koya masa ɗaurin a lokacin sanyi, ya ce ya bari bazara ta shigo su tafi kogi. Saura kwana tara a buɗe kamun kifi kwas ɗin ya ƙare, aka sa shi a jirgi. Tun daga nan shekara arba'in yake ɗaurin ƙuda, a Kano da nan Kuala Lumpur, inda duk ruwan ɗumi ne da shi. Ko ɗaya a cikin ƙudajensa bai taɓa sauka a kogin tirawut ba.

"Mazan mutane korar ƙuda suke daga gida," Mama takan ce. "Nawa ƙera su yake."

Sai ga Paulina, 'yar Jos ɗin da ke hawa na takwas, nas ɗin da ke auna masa jini kullum da yamma, ta sami aiki a Sikotilan. Jirginta ran Asabar. A makon ne kuma asibiti suka sallamo Baba suka ce ya je gida ya huta, duk mun gane abin da suke nufi. Shi abu ɗaya ya sa a gaba: ƙuda guda ya bi Paulina. Tsofaffin ƙudajensa duk damshin garin nan ya sa sun yi tsatsa, hannunsa kuma rawa yake, ko cokali da ƙyar yake riƙewa. Shi ya sa ya nemi hannuna.

Ran Laraba na je wani kantin daban, na kashe wayata tun daga bakin ƙofa. Na dawo da lamba goma sha shida kala uku, na zube masa a kan farin faranti. Ƙanana ne sosai, ko farcen ɗan yatsana ya fi su.

Bai sa tabarau ba. Ɗaya bayan ɗaya na riƙa ɗora masa a tafin hannu, yana lumshe ido yana murza su.

"Wannan ƙarfenta ya yi kauri. Ta ƙudan da ake so ya nutse ce, mu kuwa namu a saman ruwa zai zauna." Ya ture ta gefe. Ya ɗauki ta biyu. "Wannan ba nauyi, amma bakinta ya tsuke. Kifi zai kama ya tofar, ya tafi yana yi mana dariya."

Ta uku ya daɗe da ita a hannu. Na ga fuskarsa ta saki.

"Yauwa. Ji nan, kamar ba komai a hannunki ko? Ga baki a buɗe. Kuma duba, ba ta da ɗan haƙorin nan na baya mai maƙalewa."

"To Baba, ai kifin zai kuɓuce."

"In ya kama a zare masa a hankali a sake shi. Ni ba faɗa nake da shi ba, gaisawa kawai za mu yi."

Muka danne ƙugiyar a ɗan mariƙinsa na ƙarfe, ya zaɓo gashin wuyan zakara mai ruwan toka, na fara naɗi yana ba ni umarni kamar direban da aka ƙwace wa sitiyari. Da na gama na ƙara zagaye shida don ya yi ƙarko, na ɗaure sau biyu. Ban taɓa ɗinkin da ya warware ba, ba kuma a kan ƙuda zan fara ba. Mama ta kawo ruwa a kwanon da take kwaɓa fulawa. Na saki ƙudan. Ya ɗan tsaya, ya karkace, ya tafi ƙasa abinsa.

"Inna lillahi," in ji Baba. "Kin ɗinka masa babbar riga."

Na biyu ma ya nutse. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ce a kira wani. Gaskiya ba ƙudan ne ya dame ni ba. Na lura numfashinsa ya fi na jiya gajarta, ina ganin ni ce nake cinye masa lokaci.

"Zauna lah," ya ce, irin lallashin mutanen garin nan. "Zagaye uku, ki bari. Ki yarda da shi."

Paulina ta shigo da kayan awonta da ledar roti, wata irin gurasa, da ta yo tapau, wato ta sa aka ƙunsa mata, a shagon abincin mamak. Ta tarar da mu uku mun sunkuya a kan kwano, ba wanda ya amsa sallamarta. Na yi zagaye uku, hannuna na ƙaiƙayin ƙarawa, na yanke zaren. Baba ya ce shi zai saki wannan. Na tallafi gwiwar hannunsa, ya buɗe yatsu.

Ƙudan ya sauka ya tsaya cak a kan ƙafafun gashinsa. Iskar fanka ta tura shi, ya zagaya bakin kwanon a hankali.

Mama ce ta fara guɗa, ita da ke ƙorafi shekara arba'in. Paulina ta hau rawa da abin awo a wuya tana cewa, "Baba, ya tsaya o! Ya tsaya!" Shi kuwa tafi yake da hannunsa mai rawa. Ranar ya ci roti guda cur, har ya nemi ƙarin miya. Ya sa ƙudan a kwalin ashana ya miƙa wa Paulina.

"Ba sai kin iya jifa ba. Ki sami wani tsoho a bakin kogi, ba a rasa su, ki ce daga wani ɗalibi ne da ya makara."

"Zan faɗa, Baba."

Ran Juma'a bayan la'asar ya rasu a kujerarsa, Mama na yi masa fifita. Ta ce tana cikin yi masa mitar bai sha magani ba ta ji shirun ya yi yawa. Na yi kuka sosai, fiye da yadda na zata. Washegari da safe aka kai shi, da yamma Paulina ta tafi da idanu a kumbure.

Wata biyu bayan nan, ina guga, wayata ta yi ƙara. Ɗan gajeren bidiyo ne daga Paulina. Ban buɗe ba sai da na ƙwanƙwasa ƙofar Mama, muka zauna a bakin gadonta.

Kogi ne siriri mai duwatsu, ruwan garau. An ga bayan wani tsohon Bature cikin ruwa har gwiwa, ya wurga zare. Hoton ya yi ta rawa kafin ya samo wani ɗan ɗigo mai ruwan toka yana tafiya a saman ruwa. Ya wuce dutse ɗaya, ya wuce na biyu. Sai ruwan ya ɗan buɗe a ƙarƙashinsa, ɗigon ya ɓace, aka ji Paulina ta ƙwala ihu, hoton ya kife cikin ciyawa.

Mama ta karɓi wayar daga hannuna. Ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta matso da ita kusa da fuska, ta sake dannawa daga farko.