Ƙwayoyin Kamila Sun Daina Ba da Magani

Kamila, ɗalibar kimiyya, ta ɗebo ƙasa a gonar mahaifinta a Dudunni, tana renon ƙwayoyin halittar cikinta a wani ɗakin gwaji a Kankiya. A matsakaicin ɗumi, sukan fitar da magani mai kashe ƙwayoyin cuta.

Ran nan ta tarar abokin aikinta Rufa'i ya ƙara zafin na'urar renon ƙwayoyin don nasa gwajin. Ƙwayoyinta sun yi ɓul-ɓul, amma ko ɗigon magani babu.

"Ai ga su nan sun ƙoshi," in ji shi.

"Ƙoshi nake nema?" ta daka masa tsawa. "Zafi ya kashe ƙwayar gadon da ke sa su yin maganin! Wa ka tambaya?"

Ta fitar da kwanoninsa tana huci, ta rage zafin, ta kulle na'urar.