Dariyar Yaya a Tashar Jirgin Ƙasa

Inna tana fama da zik ɗin wani siket da ya ƙi zama lokacin da Auta ta faɗo ɗakin ɗinki da waya a hannu. Auta ita ce ƙaramar 'yarta, tana aiki a kantin magani, kuma duk gidan an san ta da son fim kamar ta ci. Ba a sakin tallar sabon fim ta kwana ba ta gani ba. Daga nan sai ta cika wa mutane kunne: wannan jarumin ya tsufa, waccan ba ta iya kuka ba, wancan fim kuwa duk daɗinsa an juye a talla, shi kansa fanko ne. Inna takan ce da ana ɗinki da baki, da tuni Auta ta tufatar da gari.

Wannan karon ba sabon fim ba ne. Wani tsoho aka tono, wanda aka daɗe ana cewa faifansa ya lalace. An wanke shi, an gyara masa sauti, za a sake nuna shi a silima. Auta ta ce tun safe ake ta cece-kuce a ƙarƙashin tallar, tsofaffi na tuna baya, matasa na tsiya. Ita ma tana bayan matasan, don a cewarta irin na zamanin su Inna ne, wanda mutum zai wuni yana ɗaga wa jirgi hannu.

"Wane jirgi?" in ji Inna, ƙafarta ta tsaya a kan keken ɗinki.

Ta lalubo tabarau a cikin ƙyallaye, ta karɓi wayar. Tun kiɗan bai yi nisa ba, sai ta gane fim ɗin. Ga tashar jirgin ƙasa ta dā da dogon rufinta na kwano, ga agogon da bai taɓa faɗin gaskiya ba, ga jarumin ya leƙo ta taga, jama'a sun cika dandamali suna ban kwana, kowa fuska a ɓace. Can gefe, kusa da wani turke, 'yan mata biyu. Ɗaya tana share hawaye. Ɗayar ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Kafin ƙiftawar ido an wuce.

Inna ta sa Auta ta mayar baya, ta tsayar a daidai wurin. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗora yatsa a kan mai kukan ta ce ita ce, ta matsar da yatsan kan mai dariyar.

"Wannan kuma Yaya ce. Uwar Dogo."

Auta ta zauna a kan tarin yadudduka ba ta sani ba. Ita dai ta tashi ta ga Dogo a gidan, babban wansu ne, direban motar kaya, mutum mai tsawo da ƙarancin magana. Ta san ɗan yayar Inna ne, ta san uwarsa ta rasu tun bai bar nono ba, amma fuskar matar ba ta taɓa gani ba. Shi ma bai taɓa gani ba. Yaya ba ta son hoto, takan ce yana sa mutum ya yi kama da wanda ake nema. Ɗan guda ɗaya da aka ɗauke ta ranar aurenta yana cikin akwatin da ruwa ya cinye shekarar da rufin tsohon gidansu ya yi yoyo. Tun daga nan Yaya ta koma sai a kan Inna kaɗai, kuma shekaru suna ta goge ta kaɗan-kaɗan. Akwai ranakun da Inna take rufe ido ta nemi fuskar, sai ta samu goshi da wushirya kawai, sauran ya ƙi haɗuwa.

Da yamma Auta ta zauna tana karanta mata abin da mutane suka rubuta. Ashe ba su kaɗai suka lura ba. Wani ya ce kowa na kuka ban da wata baiwar Allah a gefen turke, ita ce jarumarsa. Wata ta ce a nemo ta a tambaye ta abin da ya ba ta dariya. Wani kuma, da alama mai zafin kai ne, ya ce irin wannan sakaci shi ya hana finafinan dā ci gaba. Inna ta yi dariya har ta dafe ciki, daga baya dariyar ta rikiɗe, ta ja bakin ɗankwali ta rufe ido.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne Dogo. Ita ta goya shi, ita ta yaye shi, ita ta kai shi makaranta. Bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Inna, kuma bai taɓa zaunar da ita ya ce ba ni labarin uwata ba. Ba ta sani ba ko kunya ce, ko gudun kada ta ji kamar riƙonta bai ishe shi ba. Ita ma ba ta taɓa farawa ba. Yanzu ga shi da furfura a gemu, da 'ya'ya har sun tasa. Ta yi ta juya abin: a tayar da abin da ya kwanta, ko a bar shi? Auta ta so ta tura masa a waya kawai, Inna ta hana. Ta ce uwar mutum ba saƙo ba ce da za a jefa masa yana kan hanya.

Sai da ya dawo daga tafiya ya zo gaishe ta, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin ɗinki kamar yadda ya saba, ta ce ya shigo ya zauna. Ta miƙa masa wayar ba tare da dogon bayani ba. Ya kalli hoton da aka tsayar, ya kalli Inna, ya sake kallon hoton. Babban yatsansa ya rufe rabin allon, ya yi sauri ya janye shi. Bai yi kuka ba. Ya tambaya yaushe za a fara nunawa, da aka faɗa masa ya ce zai nemi hutu ranar.

Silimar tana saman wani katafaren kanti, sai an hau matakala mai tafiya da kanta. Inna ta riƙe hannun Dogo gam har suka kai, tana cewa ita ba ta yarda da bene mai gudu ba. Ciki sanyi kamar firji, kujeru masu laushi, ga shiru. Ta tuna silimar dā, mai benci da sararin sama, inda ake yi wa mugu ihu ana gargaɗin jarumi ya waiwaya, in faifai ya tsinke kuwa mai majigi ya sha zagi har kakanninsa. Nan kowa ya kame kamar a ɗakin jiran likita. Rabin 'yan kallon masu furfura ne, sauran matasa ne da suka zo ganin abin da ake ta magana a kai.

Fim ɗin ya ja, gaskiyar Auta. Inna ma ta ga ya fi yadda take tunawa sanyin jiki. Amma da aka iso tasha sai ta ji hannun Dogo ya sandare a kan hannun kujera. A allon silima Yaya ta kai girman ƙofa, kuma wurin ya fi na talla tsawo. Ta rufe baki, ta kasa, ta sauke hannun, wushiryar ta bayyana. Ta zunguri ƙanwarta da gwiwar hannu, ta juyo ta kalli kyamara kai tsaye kamar wadda aka kama, sannan ta ɓuya a bayan turke. Ɗakin ya ɗauki dariya. Wasu matasa a baya har da tafi, ɗaya ya ce ga ta nan, ga ta nan. Dogo ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa, Inna ba ta iya gane ko dariya yake ko kuka ba, ba ta kuma leƙa ba.

A mota Auta ta buɗe baki za ta fara sharhi, ta dubi fuskar wanta a madubi, ta mayar ta rufe. Da suka yi nisa, Dogo ya tambaya:

"Inna, me ya ba ta dariya?"

Sai ta ba shi labari. Ta ce ranar an aike su ne kai wa kawunsu saƙo a tasha, suka tarar ana neman mutanen da za su cika dandamali. Wani mai hula da lasifika ya ce kowa ya yi baƙin ciki, wanda ya iya kuka ma a gaba za a sa shi. Ita kuwa tana son gaba. Ta matsa ido, hawaye ya ƙi zuwa, sai ta ciro man zafin da ke jakarta ta lakata a ƙarƙashin ido. Ai kuwa ta samu abin da take nema har da ƙari, ido ya kama wuta, hanci ya ɓalle, ga atishawa tana dannewa. Yaya ta ga komai. Duk sanda aka ce a sake ɗauka, da ta dubi ƙanwarta sai ta fashe, har mai lasifika ya gaji ya tura su can gefen turke.

Dogo ya yi dariya irin wadda Inna ta manta yana da ita. Ya tambayi rigar da ke jikin Yaya a fim ɗin, Inna ta ce ita ta ɗinka, ɗinkinta na farko ke nan, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma Yaya ta sa ta ta fita da ita don kada ta karya mata gwiwa. Ya tambaya ko tana da faɗa. Inna ta ce sosai ma, sai dai ba ya kwana. Ya tambayi muryarta, ya tambayi abin da take tsoro, ya tambaya ko ta iya waƙa. Tambayoyin suka yi ta fitowa kamar an kwance bakin buhu, Inna tana amsawa, wani abin ma sai da ya tambaya ta san ashe tana tune da shi.

Da suka iso ƙofar gida bai kashe mota ba. Ya ce ranar hutu zai kawo matarsa da yaran su ma su je su gani, in Inna ba ta gaji ba a koma da ita, don shi ba zai iya ba su labarin yadda take bayarwa ba. Inna ta ce za ta je, amma a nemo mata inda bene yake tsaye wuri ɗaya.