Famfon Kifin Malam Labbo

Malam Labbo ya daɗe yana aikin jirgin ruwa daga Ikko, wato Legas, yana kula da injuna a can ƙasan jirgi inda ba a ganin rana. Da ya ajiye aiki ya dawo Gusau, dangi sun zaci da mota zai zo. Abin da aka sauke daga lori a ƙofar gidansa na Sabon Gari shi ne wani babban akwatin gilashi naɗe da katifa, da buhunan gishirin teku, da jarkoki masu ɗauke da ƙananan kifaye, wasu shuɗi, wasu ruwan ɗorawa.

Shi da kansa ya haɗa komai a falo. Akwatin yana bisa teburin ƙarfe, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani ƙaramin tanki cike da soso da duwatsu. Ruwa yakan gangaro ta bututu zuwa tankin ƙasa ya tace, sai wani ɗan famfo ya mayar da shi sama. Haka yake zagayawa dare da rana. Har batir ya tanada saboda ɗaukewar wuta.

A damunar bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma ta tafi. Tun daga nan matarsa, Inna Saude, take zaunar da shi a kujera gaban akwatin bayan sallar asuba. In ba a gaban kifin ba, ba ya karɓar kunu.

Wata Asabar da hantsi aka aika wa babbar ’yarsa Bara’atu, wadda ke koyarwa a firamare kuma take aure a Tudun Wada, cewa ta zo maza. Tana shiga falon ta ji ƙaurin wayar wuta. Famfon ya ƙone. Ruwan ya tsaya cik, kifayen sun taso sama suna buɗe baki. Mahaifinta bai ko dube ta ba, idonsa na kan akwatin.

Ta tuna ya taɓa gaya mata cewa ruwan teku in ya tsaya, numfashi ke ƙare wa kifi. Ta ɗauko moɗar roba ta fara kwasar ruwa daga tankin ƙasa tana zubawa a sama. Da hannunta ya gaji Inna Saude ta karɓa, ita kuma ta ɗaure mataccen famfon a leda ta fita.

Ta zagaye shagunan masu kayan ruwa har la’asar. Duk inda ta nuna shi sai a juya shi a hannu a ce ba a taɓa ganin irinsa ba. Nasu manya ne, na kai ruwa tankin saman soro. Wani dattijo ne ya ce ta gwada Tsafe, wajen wani Jibo mai sayen tsofaffin injuna.

Washegari ta fara zuwa Bunguɗu wajen ƙanenta Attahiru, don shi manomin rani ne, ya san famfo. Ta same shi a lambu bakin gulbi yana ban-ruwan albasa. Ya saurare ta, ya nuna mata injinsa yana amayo ruwa kamar cinyar mutum, ya ce wannan kafin ta ƙifta ido ya watsar da akwatin duka. Sannan ya kawo maganar da ya daɗe yana yi: a dawo da Baba gidan gado nan Bunguɗu, inda akwai hannaye da yawa masu ɗaga shi. Inna ta tsufa, in ji shi, ba ta iya jinya ita kaɗai, balle a ƙara mata renon kifi.

“Kin ga dai Allah ya kawo ƙarshen abin da kansa,” ya ce. “Mi za ki wahal da kanki?”

Bara’atu ta ce a gidan gado babu wuta, kuma ya sani sarai ranar da aka raba Baba da akwatin nan ya daina cin abinci ke nan. Attahiru ya ce mutum ba ya mutuwa don kifi. Suka rabu ba daɗi.

Lokacin ana wahalar mai, motoci sun yi ƙaranci a tasha. Sai bayan azahar ta samu wata mai zuwa Tsafe, aka cusa su kamar buhuna. Har suka wuce dutsen Kwatarkwashi tana tunanin hannun Inna da moɗar nan.

Jibo mutum ne mai fara’a, rumfarsa cike da gawar injuna. Ya tono mata famfo biyu. Ɗaya na tagulla ne, mai nauyi, an ciro shi daga wani gidan saukar baƙi da aka rushe. Ɗayan na roba ne, fari ya koma ruwan ƙasa, daga cikin tsohon injin wanki. Ya gaya mata gaskiya cewa shi bai taɓa jin kifin da ke zama a ruwan gishiri ba, don haka ba shi da shawara, sai dai su gwada ta gani.

Suka gwada a durom. Ta ɗaga bakin tiyo daidai ƙirjinta, don nan ne tsawon akwatin. Na tagullar ya harba ruwa har ya jiƙa mata mayafi. Na robar ya hau zuwa ƙugunta, daga nan ya koma ɗiga. Ta daɗe tsaye tana kallonsu. Mai ƙarfin tana tsoron ya fi ƙarfin bututun da ke saukar da ruwa, falo ya zama tafki. Amma wannan ana iya matse tiyo a rage. Raunin ɗayan kuwa ba ta ga maganinsa ba. Ta ɗauki na tagulla.

Da ta iso gida ta tarar an jera kifi uku a faranti, launinsu ya dushe. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta kwance ledar tana murmushi don ta kwantar masa da hankali. Ya ƙura wa famfon ido. Ya yi wani gurnani da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba, ya sa ƙafar hagu ya ture shi har ya gangara ƙarƙashin kujera.

Ta zaci fushin kifin da suka mutu ne. Inna Saude ce ta tsaya da moɗa a hannu, ta ce, “Tsaya, Bara’atu. Ko awarwarona na tagulla ba ya bari in sa hannu cikin ruwan nan da shi. Cewa yake guba ne gare su.”

Malam Labbo ya lumshe ido, hawaye ya bi gefen fuskarsa da ba ya motsi.

Bara’atu ta fita tsakar gida ta yi kukanta a bayan randa, sannan ta dawo ta karɓi moɗar.

Ranar Litinin ba ta je makaranta ba. Ta koma Tsafe ta canzo na robar, ko da ta san bai kai ba. Da ta dawo ta tarar da babur ɗin Attahiru a ƙofa. Ya zo ne da niyyar shawo kan Inna, sai ya iske ta da kumburarriyar kafaɗa, ya karɓi moɗar daga hannunta. Rigarsa duk ta yi farin gishiri. Bai yi wa yayarsa maganar jiya ba.

Suka haɗa famfon. Ruwa ya hau cikin tiyo, ya tsaya saura kamar taƙi ɗaya ya kai baki, yana rawa a wurin. Attahiru ya tsuguna yana kallo, can ya ce a lambu in inji ya kasa, matso da shi ake kusa da gona. Ya fita ya roƙo bulo a wani gini da ake yi a layin. Suka rage ruwan tankin ƙasa a bokitai, suka ɗaga shi da ƙyar suka ɗora bisa bulon, suka mayar da ruwan.

Wannan karon ya kai. Siriri ne, bai fi kaurin yatsa ba, amma yana zuba. Kifayen da suka rage, ba su kai rabi ba, suka sauka ƙasa a hankali. Bara’atu ta taɓa famfon ta ji ya fara ɗumi tun yanzu. An yi shi ne don ya yi aiki ɗan lokaci ya huta, kuma ba wanda ya san kwana nawa zai jure.

Da Attahiru zai tafi ya durƙusa gaban mahaifinsu ya ce, a hankali, bayan an cire albasa zai zo da mota ya ɗauke shi, kuma ya riga ya sa a share ɗakin gabas na gidan gado. Malam Labbo ya dube shi ya daɗe, bai girgiza kai ba, bai kuma ɗaga ba. Inna Saude ta ce a bar maganar tukuna, ta miƙe ta tafi ɗora tukunya da hannu ɗaya.